Shekarar da Ɗan Yatsana Ya Ƙi Sakin Aska

Na sha wuya a shekarar nan, wuyar da ban sha ba ko a shekarar da fari ya cinye mana gero. Abin da ya jawo ta kuwa bai kai a faɗa ba, ɗan yatsa ne guda, na tsakiya, a hannun dama. Ku kun taso kun tarar da maganar a bakin mutane, kowa da yadda yake juya ta. Wasu sun ce muku na ƙi yi wa Abba ɗan Yaya Haruna askin suna ne don ina jin haushin ya samu namiji. Wasu sun ce jifana aka yi a hannu. Ni ba mai karatu ba ne, ɗan bokon da na iya na yaƙi da jahilci ne, amma zan rubuta muku yadda aka yi, ku daina karɓa daga bakin waɗanda ba sa wurin.

Mu wanzamai ne tun kakanni. Baba ya bar mu maza biyu, Yaya Haruna da ni. Yaya tun yana saurayi ya bi fataucin shanu, kasuwar Mai'adua ta fi gida ganinsa, saboda haka zabira a kafaɗata ta faɗo, da askar Baba a ciki. Tare da zabira na gaji gidaje. A sana'armu gida ake gada kamar gona, gidan da ubanka ya yi wa aski kai za ka yi wa, wani wanzami ba ya shiga sai da izininka. A lokacin da nake ba ku labari samari sun riga sun gudu shagunan aski na inji a cikin Daura. Abin da ya rage mini dattawa ne ranar Juma'a, da masu ƙaho, da askin jarirai ranar suna. Sunan nan shi ke riƙe da mu. Naman da kuka ci kuna yara, da dammunan hatsin da ke cike giɓin rumbu, daga kan jarirai suka fito.

Bayan girbi abin ya fara. Na tashi zan yi alwalar asuba, na kama buta, da na ajiye ta sauran yatsu suka buɗe, na tsakiya ya tsaya a lanƙwashe yana kallon tafin hannu. Na ce masa buɗe, bai buɗe ba. Na sa hannun hagu na ɗaga shi, ya yi ƙas, ya miƙe, zafi ya tafi har gwiwar hannu. Na ce kwanciya ce na yi a kansa. Washegari ya sake. Da na shafa gindinsa a tafin hannu sai na ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata. Idan rana ta ɗaga ya kan saki, in yi aikina, in manta. Da safe ya dawo.

Ba ku san Baffa Ilu ba, ƙanin Baba ne. Ina yaro aka yi masa ɗaki a can ƙarshen gida, kusa da turken awaki, da akushinsa daban da butarsa daban. Kuturta ce ta kama shi. Mutum ne mai ban dariya, ya fi Baba iya riƙe aska, amma tun da yatsunsa suka fara lanƙwashewa ko kare ba a ƙara kawo masa ya taɓa ba. Ni ake ba tuwonsa in kai, a ce in juye masa daga nesa kada kwano ya taɓa akushi. Ya kan miƙo hannuwan nan biyu ya ce in gaishe da mutanen gari, alhali a cikin gari yake. Ban tuna fuskarsa sosai ba. Yatsun nake tunawa. To duk safiyar da na ga nawa a lanƙwashe, nasa nake gani. Wanzami kai yake taɓawa, da wuya, da jinin mutane. Ranar da aka fara raɗa cewa hannun Idi Wanzam ya fara irin na baffansa, ranar zabira ta mutu, ko gaskiya ne ko ƙarya.

Na shiga ɓoyo. A masallaci ana sallamewa nake zamewa don kada a miƙo mini hannu. Na daina fita ciyayya, inda muke haɗa kwanukanmu da maƙwabta a dakalin ƙofar gida, don sau ɗaya na yanko loma yatsan ya riƙe a cikin kwano, sai da na yi kamar na ƙware na tashi. Na koma ina ci a ɗaki ni kaɗai. Wata rana ina cikin ci na dubi kwanona a gefe guda, na ga ai na riga na yi wa kaina abin da aka yi wa Baffa. Na ture kwanon.

Sai na yi abin da kowane wanzami zai yi. Mu a wurinmu duk inda aka samu ƙullutu da zafi, mataccen jini ne ya taru, maganinsa a tsaga a fitar. Na yi wa mutane haka ba adadi. Na shiga ɗaki da hantsi, na riƙe 'yar tsaga da hagu, hannun da bai taɓa riƙe ta ba, na tsattsaga kan ƙullutun, na kafa ƙaramin ƙaho. Jini ya fito, ja ne lafiyayye. Ban tsaya nan ba. Na ce ragwanci ne ya kama yatsan, na samo goruba ina matsa ta da ƙarfi duk inda na zauna, wai in horar da shi. Tafin ya kumbura, yatsan da ke saki da hantsi ya koma sai azahar. A haka Innarku ta kama ni, ta shigo ɗaukar tabarma ta tarar ina ɗaure hannu da tsumma da haƙori.

"Baban Sa'a, me ya samu hannun?"

"Aska ce ta ɗan taɓa ni."

"Askar ce ta yi maka layi-layi a jere kamar zanen ƙwarya? Kwance in gani."

Na kwance. Na dunƙule hannun na buɗe, yatsan ya tsaya. Ita ma ta san labarin Baffa, na ga ya wuce ta fuskarta. Amma ba ta ja da baya ba. Ta kama hannun da nata biyu, ta juya shi.

"Tun yaushe?"

"Tun girbi."

"Shi ya sa ka bar mutane suna tambayata ko faɗa kuka yi da maƙwabta. Ka je asibiti."

"In je asibiti a rubuta ni, gobe gari ya ɗauka?"

Ban je ba. Na jira tsagar ta warke na koma aiki, ina zaɓar yamma in hannu ya saki. Juma'a ce kawai ba ta zaɓuwa, don dattawa kafin masallaci suke son askinsu.

A cikin masu askin Juma'a akwai Malam Bashir, tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya, mai yawan tsokana. Muna ƙarƙashin bishiyar bedi ta ƙofar gidansa, na gama kai na sauko gyaran gemu, aska tana daidai maƙogwaronsa, na ji yatsan ya kulle a kan ƙotar. Ku gane wani abu. Kullewar ba ita ce abin tsoro ba, sakin ne. Idan ya saki, fizga yake yi, hannu duk ya yi tsalle, kuma ba ya sallama kafin ya saki. Na tsaya cak, ko numfashi ban yi ba. Na ɗaga hannun gaba ɗaya daga kafaɗa a hankali har askar ta rabu da fata, sannan na sa hagu na ɓanɓare yatsan. Ƙas, a daidai kunnensa.

"Wanzam, wannan ƙarar daga jikinka ta fito ko daga nawa?"

"Ƙotar askar ce, Malam, ta tsufa."

"Ƙota ba ta gumi. Ga shi yana ɗigo mini a wuya. Ajiye askar, kawo hannun."

Na miƙa don ba ni da ƙarfin musu. Ya ga tabon tsaga, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya danna ƙullutun na ce wash. Ya ce in rufe ido, ya tsinko zare daga bakin rigarsa yana taɓa mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko na ji. Duk na ji. Ya sa na ɗaga riga ya duba bayana da damatsa ko akwai wani farin tabo. Babu.

"Me kake tsoro?"

Na ce, "Kun san Baffa Ilu."

"Na san shi. Wannan ba ciwonsa ba ne a ganina, kuma ko shi ne, yanzu yana da magani, ana warkewa. Amma ka je a duba ka sosai, a gwada maka suga, don masu suga sun fi samun irin wannan. Kana ganin zariyar wandonka? A cikin ƙubaka take tafiya. In ta yi ƙulli, ka ja, sai ta tsaya a bakin ƙubakar, ka ƙara ja ta fizgo. To jijiyar da ke lanƙwasa yatsa haka take da tata ƙubakar a tafin hannu. Yawan riƙo ya sa ta kumbura. Kai kuma ka je ka tsaga wandon."

"Na kuma matsa goruba," na ce.

"Allah ya shirye ka, Wanzam. Zo ka ƙarasa mini gemun da almakashi."

Shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa asibiti, na bi shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Suka duba, suka faɗi abin da ya faɗa. Suga ba ta hau ba. Wata mata a ɓangaren masu gashin ƙashi ta nuna mini abin da zan riƙa yi a gida, ta ce in an daɗe bai saki ba akwai allura, in ta ƙi akwai ƙaramin aiki. Ta ce babban maganin shi ne in huta da riƙon aska. Na ce to. A raina na ce ita albashi take ci.

Ga abin da na riƙa yi, ku riƙe don jininmu ɗaya kuma wasunku da hannu suke ci. Da safe Innarku ta ɗumama ruwa, ba mai ƙuna ba, in tsoma hannun har ya yi laushi. In fitar, in sa babban yatsan hagu in murza gindin yatsan a hankali, ina zagaya ƙullutun. Sai in kifa tafin a bayan faranti, in ɗaga yatsu ɗaya-ɗaya in sauke, kamar mai ƙirga abin da ba shi da shi. In kama mai ciwon in ja shi baya kaɗan, daidai inda zan ji ya miƙe, ba inda zai yi zafi ba. Sai in lanƙwasa gaɓoɓin sama kawai kamar ƙugiya, in miƙe, ban dunƙule duka ba. Daga ƙarshe in zura yatsun a cikin 'yar roba mai naɗewa, in buɗa su tana ja, in mayar. In za a kwanta, Innarku ta tsaga karan dawa ta goge bakinsa, ta ɗaure mini yatsan a miƙe da ƙyalle don kada ya kwana a lanƙwashe. Babu abin da ya fi mini wuya kamar rashin ƙarfin abin. Ni na saba magani ya yi jini ko ya yi ɗaci. Wannan wasan yara ne, kuma a ɗaki nake yinsa da labule a sake.

"Amarya, a kawo zungurun lalle ne ko ruwan ya isa?" in ji Innarku, in ta ga na daɗe da hannu a kwano.

"Ki rage murya, katangar nan ba ta da kauri."

"Su ji mana. Mutum da hannunsa."

A hankali abin ya fara ja da baya. Wata safiyar ya buɗe da kansa, da ɗan tsaiko kamar ƙofar da ta sha damina. Wata safiyar kuma, musamman in an yi sanyi, ya kulle kamar ban taɓa yi masa komai ba. Ba ni da yadda zan san wace safiya ce tawa. Na rage aiki, ina cewa mutane zazzaɓi ke damuna. Sunaye biyu da suka faɗo na roƙa aka bar askin sai yamma, na ce ina da wani wuri da safe, na yi su a haka.

Ana cikin haka Binta matar Yaya ta haihu, namiji. Maza biyu da Yaya ya samu a baya duk sun koma tun suna goye, sai mata suka tsaya masa, ga shi furfura ta cika masa gemu. Da kansa ya zo a babur, ko kashe shi bai yi ba ya ƙwala mini kira daga waje.

"Idi, sunan Baba zan sa masa. Ka wasa askar Baba. Da an raɗa suna za ka shiga, ina so a gama kafin mutanen kasuwa su watse."

"Yaya, da an bar askin zuwa yamma."

"Wace yamma? Wa aka taɓa yi wa da yamma a gidanmu? Ni da kai da safe aka yi mana."

Gaskiya ya faɗa. A gidanmu duk ɗan da aka haifa, gashinsa na farko da askar gida ake sauke shi, da hannun mai zabira, da safe. Kakanmu ya yi wa Baba, Baba ya yi mana, ni na yi muku. Na buɗe baki in gaya masa, na ga maƙwabta sun taso suna yi masa barka, na rufe.

Lokacin da Baba yake koya mini aski, a kan duma ya fara sa ni, a shafa masa sabulu in bi da aska ba tare da na karce shi ba. Na sa Innarku ta samo mini ƙaramin duma, daidai kan jariri. Kowace safiya bayan na gama ruwan ɗumi da robata sai in zauna in aske shi. Safiyar farko lafiya, ta biyu lafiya. Har na fara cewa ashe tsoro ne kawai. Ana jibi suna, ina tsakiyar bin duman, yatsan ya riƙe, kafin in ɗaga hannu ya saki. Askar ta shiga. Na zare ta na dubi wurin, tsaga ce da za ta ɗauki farce. Innarku tana tsaye da tsintsiya, ta gani.

"Ka gaya wa Yaya."

"In na gaya masa, Binta ta ji. In Binta ta ji, gidan suna ya ji. Mata nawa za su kwana a gidan nan?"

"To ka fi so su ji kukan uwar yaro?"

Na ɗauki duman na jefa a murhu don kada in ƙara ganinsa, amma duk inda na juya yana gabana. Washegari na je wurin Tanimu, wani wanzami matashi da ya taso daga wajen Zango ya zauna a unguwar gaba, mai hannu mai kyau, wanda na san ya daɗe yana leƙen gidajena. Na ce ya zo sunan ya kama mini aiki, taro zai yi yawa. Ya dube ni da mamaki, ya ce, "To Baba Idi, Allah ya kai mu." Ni kaina ban san me nake nufi da kiransa ba. Ina dai so ya kasance a kusa.

Ranar suna na yi duk abin da aka koya mini, na yi har da ƙari. Na tafasa askar Baba na naɗe ta a sabon ƙyalle. Gidan Yaya yana bakin hanyar Mai'adua, na hau bayan babur da hannuna a hammata don kada iska ta sha shi. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro, Yaya ya kama hannuna ya ja ni cikin gida, Tanimu yana biye da ƙoƙon ruwa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suka kewaye. Iya Tabawa ungozoma ta zauna gabana da yaron a cinya, ta tallafe masa ƙeya. Na jiƙa gashin, na shafa sabulu. Na buɗe askar. Hannun lafiya yake, ban ji komai ba. Sai na sa babban yatsan hagu zan ja fatar, na ga maɗigarsa, wurin nan mai laushi a tsakiyar kai inda ƙashi bai haɗe ba, tana bugawa a hankali ƙarƙashin kumfa. Na aske kawuna irin wannan da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa tsayawa na kalle ta ba sai ranar. Duma yana da ɓawo. Wannan ba shi da komai.

"Bismillah mana, Wanzam, ruwan zai huce masa a ka," in ji Iya Tabawa.

Na ninke askar. Na juya na miƙa wa Tanimu, na ce ya zauna. Yaya ya matso.

"Idi, me kake yi?"

"Hannuna ba lafiya, Yaya. Yatsan nan yana kullewa."

"Wane yatsa? Nuna mini."

Abin da na ɓoye tun girbi, na ɗaga shi sama a gaban matan unguwa. Na dunƙule hannun da ƙarfi, na buɗe. Yatsu biyar suka miƙe tare, sumul. Na sake dunƙulewa, na buɗe. Ko tsaiko bai yi ba. Ruwan ɗumi da roba da karan dawa duk sun zaɓi wannan safiyar su nuna aikinsu. Wata mata ta yi dariya ta toshe baki.

"Ga hannu lafiya lau," in ji Yaya, a hankali ya faɗa. "Juma'ar nan ka aske Malam Bashir, na gan ka. Ɗana ne ba za ka taɓa ba. Askar ubanmu ka ba bare a cikin gidana."

"Yaya, wallahi..."

"Bar rantsuwa. Tanimu, yi aikinka."

Tanimu ya yi, kuma ya yi da kyau, ina tsaye ina kallon kowane jan aska har ya gama. Na karɓi askar na mayar a zabira na fito. Kason wanzami na naman suna gidan Tanimu aka kai.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Wanda ya ba wani aska a gidan ɗan'uwansa ya buɗe ƙofa, gidaje da yawa suka koma wurin Tanimu, ban kuma yi jayayya ba, don ni na daina taɓa kan jariri daga ranar. A shekarar ne kuka ga mun sayar da tumakin Innarku, a shekarar Sa'a ta bar makarantar kwana ta dawo ta gari. Yatsan ya ci gaba da sauƙi, ban kai ga allura ba, kafin wata kakar ya daina kullewa sai ɗan tauri da safe, har yau kuwa ban bar robar ba. Na koma askin manya. Yaya ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Daga baya muka koma magana, ta shanu da ta ruwan sama, amma har ya bar duniya bai taɓa tayar da zancen ranar ba, ban san abin da ya tafi da shi a ransa ba. Ni ma har yau ban sani ba ko da na yi askin da lafiya za a gama. Wataƙila da lafiya. Kan Abba dai ga shi nan kuna gani, ba tabo ko ɗaya, a shagon inji ma yake askinsa.

Washegarin sunan an tashi da sanyi. Innarku ta ɗora ruwa, na ce ta sauke. Ban kwance karan ba. Na yi sallah, na hau babur da hannun a waje iska tana dukansa, na sauka a ƙofar gidan Yaya. Na yi sallama, aka ce yana ciki. Na aika a ce Idi ne. Bai fito ba. Na zauna a dakalinsa, a bakin hanya, daidai lokacin da mutane ke wucewa gona da kasuwa. Na kwance ƙyallen, na ajiye karan a gefe, na dunƙule hannun na buɗe. Yatsan ya tsaya a lanƙwashe, irin na Baffa sak. Ban ɓanɓare shi ba. Na ɗora hannun a gwiwa, duk wanda ya tsaya gaisuwa na bar shi ya kalla, wanda ya tambaya na gaya masa. Da rana ta fara taɓa katanga na leƙa zaure na roƙi a taimaka mini da ruwan ɗumi. Binta ta kawo da kanta, a kwanon da Yaya ke cin tuwo, ta dubi yatsan, ta ajiye ta koma. Na tsoma hannun, na ciro robata daga aljihu, na fara.